Ranar da Zanobi Ya Hau Bene

Shekara kusan arba'in Zanobi ya yi yana aske lambun wani basarake, Markese Ottavio, a tuddan bayan birnin Lukka, amma bai taɓa ganin lambun ba. Kada ku ce makaho ne. Idonsa ras yake, ƙwaron da ya laɓe a bayan ganye ma ba ya tsere masa. Matsalar ita ce, wanda ya zana lambun tun zamanin kakan Markese bai zana shi don mai tafiya a ƙasa ba. Don barandar bene ya zana shi, wadda ke fita daga babban ɗakin baƙi. Daga can ne, in ji waɗanda suka taɓa hawa, shingen bosso, ɗan gajeren itacen nan mai ƙananan ganye, ke haɗuwa ya zama kamar aikin surfani a gaban riga. Daga ƙasa kuwa shinge ne kawai iya gwiwa, ya lanƙwashe nan ya miƙe can, da farar tsakuwa da garin jan bulo a tsakani. A gidan nan kuma, mai ƙasa a takalmi iyakarsa madafa. Haka Zanobi ya tarar, haka ubansa ya mutu a kai.

Da ƙafa ya san lambun. Ya san hanya ɗaya ce ta tashi daga ƙofar gida ta miƙe ɗoɗar har babban kwano na dutse, inda gunkin sarkin teku ke tsaye da mashinsa mai baki uku. Ya san duk abin da ke dama akwai ɗan'uwansa a hagu, in ka rage yatsa ɗaya a nan dole ka rage a can. Ubansa ne ya kafa turaku ya ja igiya ya dasa, shi kuma ya gaji almakashin. Sau biyu a shekara yake bin shingen nan a durƙushe, har gwiwoyinsa suka yi kanta. Ga tukwanen lemu manya manya, waɗanda ake fitar da su da bazara a jera a bakin hanya, a mayar da su ɗaki kafin sanyi. Bai taɓa jin an zalunce shi ba. A ransa ya ajiye cewa wata rana Markese zai leƙo daga barandar nan ya ce, "Zanobi, hawo ka ga aikinka." Ba ya gaggawa. Mai jiran bosso ya girma ai ya koyi haƙuri.

Sai Gaspero ya zo.

Daga Roma aka ɗauko shi don ya duba bututun dalma da suka toshe tun Markese yana saurayi. Ɗan gajere ne mai faɗin baki, ga surutu kamar an kunna shi, yana tafe yana fito. Kafin bazara ta ƙare ya sa sarkin teku ya yi tsartuwar ruwa sama da tsayin itacen al'ul. Bai tsaya nan ba. Ya tono tsofaffin ƙananan bututu da aka ɓoye a ƙarƙashin matakala da kujerun dutse, waɗanda ake tsokanar baƙi da su. Mace ta zauna ta huta, sai ruwa ya taso mata daga ƙasa, ta miƙe da ihu, ta ruga wani kogon duwatsu da aka gina a lambun ta ɓuya, can ma rufin ya zubo mata. Manyan mutane, masu gashin aro a ka, su yi ta dariya har da hawaye. A ranar farko da aka yi wannan wasa, Zanobi na tsaye bayan wata tukunyar lemu, hula a hannu, ya ji muryar Markese daga sama.

"Ina ɗan Roman nan? A ce ya hawo!"

Gaspero ya hau da jiƙaƙƙen takalminsa. Babu wanda ya ce ya cire.

Tun daga ranar Zanobi bai sake jin daɗin abinci ba. Hassada ce, babu wani suna da za a sa mata, kuma ta kama shi a shekarun da ya kamata ya fi ƙarfinta. In ya ji fiton Gaspero daga nesa sai haƙoransa su haɗu. In baƙo ya ce lambun ya yi kyau, sai ya kasa kunne ya ji ko shinge ake nufi, kullum kuma ruwa ake nufi.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," ya ce wa matarsa Nunziata, tana zuba masa wake da man zaitun. "Mutum ya murɗa ƙarfe sau ɗaya, a ce gwani. Ni da na tsufa a durƙushe fa?"

"To kai ma ka koyi jiƙa wa matan mutane siket mana, ko a kira ka."

"Wasa kike yi."

"Wasa nake yi, amma ka ci abincinka. Kai mutumin nan, me ke cikin barandar nan ne? Zinariya aka shimfiɗa?"

"Lambuna ne a cikinta."

"Lambun Markese dai. Ka roƙi ɗan Roman ya faɗa maka yadda yake, ai yana da baki."

Da ta san abin da ta taɓo da ba ta faɗa ba, don Gaspero ya riga ya faɗa masa, ba tare da an tambaye shi ba. Abin da ya fi ci wa Zanobi rai ke nan: mutumin ba mugu ba ne. Da mugu ne da an huta. Yana saukowa daga benen ya nufo shi da hannu biyu a buɗe.

"Baba Zanobi! Wallahi ba ka san abin da ka yi ba. Na ga lambunan manya a Roma, ban ga askin da ya kai naka ba. Ɗan lanƙwasan nan na gefen dama, wanda ya naɗe kamar..."

"Na san shi."

"A'a, daga sama nake nufi, yadda yake haɗuwa da..."

"Na ce na san shi. Ka ja bututunka daga kan tsakuwata."

Shekara uku aka yi haka. Gaspero na gaisuwa, Zanobi na amsawa da hanci.

A shekara ta uku ɗan Markese, Lelio, ya dawo daga yawon Ingila da doguwar riga mai launin toka da raini a baki. A gaban ma'aikata yake faɗa wa ubansa cewa wannan ba lambu ba ne, shagon wanzami ne. A can, in ji shi, an daina azabtar da itace. Ciyawa ake bari ta shimfiɗu, a haƙa tafki mai karkataccen baki, a watsa itatuwa nan da can kamar Allah ne ya shuka su. Maƙwabta biyu ma sun riga sun tumɓuke nasu. Tsohon Markese ba ya iya musu da ɗansa, don yaron ya fi shi baki. Amsarsa ɗaya ce kullum. Sai ya ɗaga sanda, Gaspero ya hura usur, sarkin teku ya watsa ruwa sama.

"Akwai wannan a Ingilar taku?"

Babu, Lelio ma ya sani.

Kowa a gidan ya gane inda aka dosa, har masu wanke-wanke. Zanobi ma ya ji da kunnensa. Amma abin da ya shiga ransa daban ne: ko da za a kare lambun, da ruwan ɗan Roma aka kare shi, ba a ko ambaci shinge ba.

Aka sa bikin baikon Lelio ranar idin tsakiyar Agusta. Iyayen yarinya daga Firenze za su zo, da rabin manyan Lukka. Rani kuwa ya yi tsanani a shekarar, maɓuɓɓugar bayan gida ta koma kamar zare. Daga ita ake tara ruwa a wani babban tafkin dutse da ke kan tudu, daga tafkin kuma ƙofa biyu ke fita: ɗaya ta bututun Gaspero, ɗaya ta kwatar da ke kai ruwa ga lemu da shinge. Al'adar gidan tun daga kakanni ita ce, a watan Agusta lemu ne ke gaba. Mai lambu ba ya neman izinin kowa kafin ya buɗe ƙofarsa, ko Markese ba ya hana shi, don tukunyar lemu ɗaya ta girmi duk wanda ke gidan.

Saura mako guda Gaspero ya same shi a bakin ɗakin ajiye lemu, ya cire hula, abin da bai saba ba.

"Baba Zanobi, alfarma na zo nema."

"Ɗan Roma da neman alfarma wajen mai ƙasa a takalmi? Yau da me gari ya waye?"

"Ka bar zolaya. Tafkin nan da ƙyar zai cika kafin idi. Ka shayar da lemunka yau da gobe, ka ƙoshe su, sannan ka rufe min ƙofarka sai baƙi sun tafi. Daga nan duk abin da ya rage naka ne, ni da kaina zan ɗebo maka da guga."

"Lemu ba ya jiran baƙo."

"Na sani, haƙƙinka ne. Shi ya sa na ce alfarma. Ka ga yaron nan da idonsa a kan lambun. In ruwana ya kwanta ranar nan, ba ni kaɗai zan kwanta ba."

Zanobi ya dube shi sama da ƙasa. Ruwana. Wato yanzu har ya zama shi ne ke riƙe da lambun, shi ne ginshiƙi, sauran duk ado ne.

"Na ji," ya ce.

Gaspero ya ɗauka alkawari ne, ya tafi yana fito.

A gaskiya Zanobi ya rufe ƙofar. Kwanakin nan duk ya bar ta a rufe, yana yi wa shinge askin ƙarshe, yana share tsakuwa da tsintsiya har sai da layinta ya fito kamar an taje. Bai shirya mugunta ba, ko kuma bai yarda ya shirya ba. Ana gobe idi ne mai kula da gida ya zo ɗakin ma'aikata da sabuwar riga shuɗiya mai maɓallan azurfa, ya ce Markese ya ɗinka wa Gaspero, don gobe a baranda zai tsaya kusa da shi, ya riƙa ba da alama daga can. Sauran ma'aikatan lambu kuma, in an gama shara, kowa ya koma bayan shinge kada baƙi su gan shi.

"Har da ni?" in ji Zanobi.

"Kowa aka ce, Mastro," in ji mai kula da gidan, don haka ake kiran gwanin sana'a a can.

Da safe ƙararrawar coci ta kaɗa, gida ya watse, kowa ya tafi sujadar idi. Nunziata ta tsaya a ƙofa da mayafinta.

"Ba ka zuwa?"

"Gwiwata."

"Gwiwar da ta hau tsani jiya?" Ta dube shi ta daɗe. "Zanobi, in za ka gina ramin mugunta dai, gina shi gajere."

Tana ɓacewa ya ɗauki makullinsa ya hau tudu. Tafkin ya cika har baki, ruwan kore shar, shiru. Ya ce wa kansa ganyen lemu ya fara naɗewa, kuma gaskiya ne, kaɗan. Ya ce rabin taki kawai zai rage, yadda sarkin teku zai gaza tsayin al'ul, Markese ya ɗan haɗe gira, shi ke nan. Ya buɗe ƙofar. Ruwa ya gangara kwata da gudu, ya bi shi yana juya shi tukunya tukunya, daga lemu ya wuce shingen dama, to in an shayar da dama ai dole a shayar da hagu. Wani daɗi ya riƙa ratsa shi wanda ya daɗe bai ji irinsa ba. Ƙasa na shan ruwa, bosso na ƙamshi. Bai koma tudun ba sai da ya ji ƙararrawar tashi. Da ya leƙa tafkin, gansakukar ƙasa ta fara nunawa. Ya rufe da sauri, ya sauko.

Gaspero bai hau tudu ya duba ba. Da asuba ya duba, kuma yana ganin an yi masa alkawari. Daga coci ɗakin sa riga ya wuce.

Da la'asar kekunan doki suka cika farfajiya. Zanobi na tsugune bayan dogon shingen gefe tare da sauran, yana leƙe ta wata kafa. Ya ga baranda ta cika da siliki da mafitai, ga Markese da sandarsa, ga Gaspero cikin shuɗiyar riga yana ƙyalli. Sanda ta ɗaga, usur ya yi ƙara. Sarkin teku ya watsa ruwa sama, baƙi suka ce "Aaa!" Ruwan ya tsaya ɗan lokaci, sai ya fara raguwa. Ya sauko kafaɗar gunkin, ya sauko cibiyarsa. Bututun ya yi tari irin na tsoho, ya tofar da laka a gemun sarkin teku, ya yi shiru.

Wata mace ta fara dariya, ta rufe baki da mafici. Uban yarinyar ya ce wani abu, dariyar ta bazu. Markese, don ya rufe kunya, ya sauko da baƙi ya kai su kujerun tsokana, ya zaunar da surukarsa da kansa, ya ɗaga sanda. Kujerar ta yi gurnani, ta saki wata iska mai wari. Wannan karon har barori sai da suka juya baya don ɓoye dariya. Tsohon ya tsaya a tsakiyar hanya, fuskarsa ta yi ja.

Zanobi ya jira daɗin nan na safe ya dawo. Bai dawo ba.

Kafin rana ta faɗi Gaspero ya same shi a wajen tukwane. Ya tuɓe rigar ya rataya a kafaɗa. Ya tsuguna ya tura yatsa cikin ƙasar wata tukunya, ya zaro shi da laka, ya duba.

"Sun ƙoshi," ya ce.

"Agusta ne."

"Agusta ne, Baba. Haƙƙinka ne." Ya goge yatsan a wando. "An tambaye ni, na ce bututu ne ya fashe a ƙarƙashin ƙasa. Ba don kai ba, kada ka gode min. Don kada su ce mutanen lambu ba su da amana."

"Korarka za su yi?"

Kunya ce a faɗa, amma da ɗan fata ya yi tambayar.

Gaspero ya yi wata dariya marar daɗi. "Kora? Ƙaramin maigida ya ce in zauna. Tafki zan haƙa masa."

Washegari da hantsi mai kula da gida ya zo har ƙofar Zanobi.

"Mastro, ana kiranka. Sama."

Nunziata ta saki ludayi. Zanobi ya miƙe, ya sa rigarsa ta coci, ya goge takalmi a kan ciyawa har sau nawa. Ya bi ta madafa, ya wuce ƙofar da bai taɓa wucewa ba. Matakalar farin dutse ce mai faɗi, gwiwarsa na ƙara a kowane taki. A babban ɗaki ya hango tsohon Markese a kujera, an lulluɓe masa ƙafa duk da zafin nan, fuskarsa na kallon bango.

"Ranka ya daɗe," in ji Zanobi, ya rusuna.

Tsohon ya ɗaga yatsa ya nuna baranda bai juyo ba. "Da ɗana za ka yi magana. Na ba shi lambun."

Zanobi ya fita barandar, hasken ya kashe masa ido, sannan ya gani.

Ashe haka yake. Lanƙwasan da ya yi shekaru yana bi a durƙushe ashe ganye ne, manyan ganyaye masu naɗewa, suna fitowa daga reshe ɗaya. Ɗan kwanan da kullum yake zagin wanda ya zana shi, don almakashi ba ya shiga, ashe bakin fure ne. Fari da ja da kore sun zauna kamar shimfiɗa, babu inda hannunsa ya karkace, ko yatsa ɗaya. Shingen ya sha ruwa jiya, yana sheƙi. Kuma duk ganyen nan, da layin lemu, da dogayen shingen gefe, kowanne ya juya yana jan ido wuri ɗaya, zuwa kwanon dutsen can, inda sarkin teku ke tsaye da busasshiyar laka a gemu. An yi aikinsa ne don ya kai mutum ga ruwa, an yi ruwan don ya biya tafiyar. Wanda ya zana bai taɓa raba su ba.

Ya dafa dutsen barandar da hannu biyu.

"Kai ne Zanobi ko?" Lelio ne, yana gefe da kofi a hannu. "An ce babu wanda ya san wurin nan kamarka, shi ya sa na ce ka hawo, daga nan ya fi sauƙin nunawa. Ka ga daga matakala har kwano? Duk a cire. Ciyawa za a sa. Tafkin zai fara daga inda gunkin yake. Lemu a bar su, suna da amfani." Ya kurɓi kofinsa. "Saiwar abin nan tana da zurfi ne?"

Zanobi ya amsa bai juyo ba.

"Ba ta da zurfi, ranka ya daɗe. Yaɗuwa take yi."

"Madalla. Yaushe ya fi sauƙin tumɓukewa?"

"In ƙasa ta jiƙe."

"To ai na ga a jiƙe take. Ku fara gobe, kafin ta bushe." Ya juya zai shiga ciki, ya waiwayo. "Shi ke nan, kana iya sauka."

"Ranka ya daɗe," in ji Zanobi, bai ɗauke ido daga lambun ba, "a ɗan ƙara mini kaɗan."

Lelio ya ɗaga kafaɗa ya shige. Zanobi ya tsaya shi kaɗai yana kallo, har mai kula da gida ya zo ya taɓa masa hannu, ya ce za a share barandar.